Raha A Cikin Ruwan Bagaja: Ko Littafin Ya Cancanci Karatu A Yau?

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne amsa wata tambaya da ke yawan tasowa tsakanin malaman Hausa, musamman masu koyarwa a makarantun kudancin Kaduna, kamar na Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, inda ɗalibai da dama suka koyi Hausa a kasuwa da filin wasa. Tambayar ita ce: littafin da akasarinsa ƙarairayi ne da ban dariya, me ɗalibi zai tsinta a cikinsa?

Asalin Littafin

Abubakar Imam (1911-1981) ya rubuta Ruwan Bagaja yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, domin shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Gasar nan ce ta haifar da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Manazarta sun daɗe da nuna cewa Imam ya amfana da Maƙamatul Hariri, inda mai ba da labari ke ta cin karo da wani hatsabibi mai zaƙin baki a garuruwa daban-daban. Haka Alhaji Imam ke cin karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman.

Inda Ƙarfinsa Yake

An saba koya wa ɗalibai cewa jigon littafin shi ne jarunta da juriya wajen nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki. A ganina wannan neman ruwa igiya ce kawai da marubucin ya shanya labaransa a kai. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji da Zurƙe, kuma a cikin rahar ne marubucin ya ajiye darasinsa.

Mu ɗauki haɗuwarsu ta farko. Alhaji ya shiga gari da sunan malanta alhali jahili ne. Da Zurƙe ya zo jarraba shi, sai Alhaji ya yi zane a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta ambaton haruffa, Alhaji ya ce ai hoton jinjirin wata ne, jama'a kuwa suka yi wa mai ilimin ature. Mai karatu zai yi dariya, amma wa ake yi wa dariyar? Mutanen garin ne, waɗanda ba su iya bambance malami da mai rawani ba. Wannan cuta ba ta bar mu ba har yau, kuma ɗalibin Kakuri ba ya bukatar a fassara masa ita.

Ta fuskar salo kuwa, jimlolin gajeru ne masu gudu kamar hirar dandali, ga karin magana da kirari. Wanda Hausa ba harshensa na gado ba ne zai sami ingantacciyar Hausa a nan ba tare da ya gaji ba.

Inda Rauninsa Yake

Zubin littafin sako-sako ne. Ana iya cire wasu labaran tsakiya ba tare da an lura ba. Haka kuma tauraron yakan cuci bayin Allah ya wuce, ƙarshe ya koma gida da ɗaukaka. Daga lokacin da ya rabu da Zurƙe ya shiga duniyar aljannu, rahar ta ragu, labarin ya koma tatsuniya.

Kammalawa

Ruwan Bagaja ya cancanci karatu, amma da sharaɗi. Kada malami ya mayar da shi wa'azi, ko jerin sunayen garuruwa da za a haddace don jarrabawa. A karanta shi a bayyane cikin aji, a bar ɗalibai su yi dariya, sa'an nan a tambaye su wanda aka cuta da dalilin da ya sa ya cutu. Malamin da ya tsallake wannan tambaya ya karantar da rabin littafin ne kurum.