ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Ya kai mai karatu, yau ba da zancen soyayya ko na kishiya na zo ba. Zancen wasu littattafai ne na Turawan Amurka, waɗanda ake ƙirƙirar ƙasa sukutum a zuba ta cikin takarda, don kawai mutane su yi wasa a cikinta. Ka yi haƙuri ka biyo ni, domin kuwa akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a 1974. Yadda ake yinsa kuwa, mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, ɗaya ya zama mai jan labari kamar yadda kaka ke yi wa jikoki tatsuniya. Sai dai a nan masu sauraro ba "ta zo mu ji ta" kaɗai za su ce ba, kowa yana da jarumin da yake riƙe da shi, kuma shi zai faɗi abin da jarumin nasa zai aikata. In abin mai haɗari ne sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, wata ma fuska 20 gare ta, ita za ta raba gardama, ko ya ci nasara ko ya sha ƙasa.

To da yake jarumi sai da ƙasar da zai taka, sai kamfanin TSR mai wasan ya shiga buga littattafan ƙari, tun daga Greyhawk a 1975. Da tafiya ta yi tafiya sai ga taswirori, da sunayen birane da sarakunansu, da abin da ake ci, da abin da ake bauta wa, da dodannin da ke daji. Ni da nake rubuta labari, ni ke aurarwa, ni ke kashewa, in na ce "alhamdulillahi" an gama. Mai irin wannan littafi kuwa tamkar magini yake, gida zai gina ya fita, wasu su shigo su zauna. Saboda haka ma'aunina guda ne: shin gidan yana zaunuwa, ko kuwa fenti ne kawai?

Wanda zan ɗora a kan wannan ma'auni shi ne Al-Qadim, da ya fito a 1992, aikin Jeff Grubb tare da Andria Hayday. Littafin farko sunansa Arabian Adventures, sai kwalin Land of Fate ya biyo baya a shekarar, sannan City of Delights a 1993, da wasu har zuwa 1994. Sunan ƙasar Zakhara, babban birninta Huzuz. Su da kansu ba su ɓoye inda suka yi aro ba: tarihin Larabawa, da hikayoyi irin na Dare Dubu da Ɗaya, da kuma finafinan Holiwud irin na Sinbad. Ka ga ke nan sun shigo gonar da muka sani, tunda mu ma da waɗannan hikayoyi muka tashi.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da shi zan fara. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar gishiri. A Zakhara, in mai gida ya ba ka gishiri ka ci, to kwana 3 kana cikin amanarsa, ba zai cuce ka ba, kai ma ba za ka cuce shi ba. Yanzu ka ɗauka jarumai sun biyo sawun wani ɗan fashi cikin hamada, ƙishirwa ta kusa hallaka su, suka faɗa wata bukka aka ba su ruwa da abinci, sai bayan sun ci suka gane ashe mai bukkar shi ne wanda suke nema. To yaya ke nan? Takobi dai ba zai fito ba. Wannan 'yar doka ɗaya ta isa ta haifar da labarin dare guda, kuma masu wasan ne za su warware da bakinsu.

Haka kuma batun daraja. Kowane jarumi yana da lambar da ke nuna matsayinsa a idon jama'a, talauci ko aikata laifi kan saukar da ita, kuma ita ke nuna wa za a saurara in an je gaban manya. Wanda ya taɓa zuwa fada ya ga yadda ake zama, ya san wannan gaskiya ce. Ga kuma wanzami, wanda aka sa shi cikin jaruman da mutum zai iya zaɓa, mai aska da magani da surutu. Na yi dariya da na gan shi, don na tuna da wanzamin nan na Bagadaza mai 'yan'uwa 6 a Dare Dubu da Ɗaya, na kuma tuna da namu da ke shiga kowane gida ranar suna, ya fito da labarin kowa a zabirarsa.

Kai, hatta sihirin ma an yi masa tunani. Akwai wanda ake kira sha'ir, shi ba ya haddace komai, ɗan ƙaramin aljani gare shi da yake aika ya nemo masa abin da yake so. Wani lokaci ya dawo cikin 'yan mintoci, wani lokaci ya shafe sa'o'i, wani lokaci ma ya dawo hannu rabbana. Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa alhali tukunya na kan wuta, ya san halin da wannan bawan Allah ke shiga. Sulke mai nauyi kuwa a wannan rana wahala yake jawo wa mai shi, kuma an sa haka cikin doka. A nan gidan ya zaunu.

To amma fa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka zo wajen ibada sai zanen ya gaza. A Zakhara akwai Babban Halifa, akwai masallatai, akwai limamai, akwai shari'a, akwai ma ziyarar da ake so kowa ya kai Huzuz a rayuwarsa. Sai ka leƙa cikin masallacin ka tarar da manyan alloli har 8, su Kor da Zann da Selan da sauransu, shari'ar kuwa wata mace ce ta kawo ta, daga hannun Ƙaddara wadda ita ma aka mayar da ita mace. Jama'a, wannan fa tukunya ce aka ara aka zubar da miyar, aka zuba wata.

Kada a ce ban yi adalci ba. Wasan tun asali a kan alloli barkatai aka gina shi, kuma ni kaina ba zan so a ɗauki addinin gaskiya a riƙa jefa masa ƙwayar ludo ba. Amma wanda ya iya ƙirƙiro alloli 8 da sunayensu, me zai hana shi ƙirƙiro sunan ɗakin bautarsu da na shugabansu? Kalmar masallaci da ta halifa ba kayan ado ba ne, suna da masu su, kuma suna raye. Yaron da ya fara jin waɗannan kalmomi a bakin tebur, da wace fahimta zai tashi? Har ta fuskar labari ma an yi asara, domin a hikayoyin da aka ara, attajiri da bawa da sarki duk Ubangiji ɗaya suke tsoro, shi ya sa talaka ke iya tsayawa gaban halifa ya ce masa ya ji tsoron Allah. In ka raba tsoron nan gida 8, ka cire wa labarin ƙashin baya.

Aro ba laifi ba ne. Marigayi Abubakar Imam ya ari labarai daga Larabawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, amma sai da ya yi musu wanka ya sa musu riga da hula irin tamu, har ba ka jin baƙunta. Shi labarin ya ɗauko ya ba shi gida. Masu Al-Qadim kuwa, inda suka zauna suka fahimci yadda mutane ke zama da juna sun dace, inda suka tsaya ga rawani da hasumiya sun yi ƙwaɓa.

Kamfanin Wizards of the Coast, da ya sayi TSR a 1997, ya liƙa wa tsofaffin littattafan nan sanarwa a 2020 cewa akwai son zuciya irin na zamaninsu game da wasu al'ummu a ciki. A 2022 kuma ya fitar da Journeys through the Radiant Citadel, mai labarai 13, inda marubuta baƙaƙe da sauran waɗanda ba farar fata ba suka gina ƙasashe daga al'adun gidajensu. Wannan ya fi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarata ga 'yan'uwana marubuta, musamman masu labaran yaƙi da aljanu da ke kai mu birnin Sin da Hindu da Misra: kafin mu ari sunan garin wasu, mu tambayi kanmu ko mun san yadda suke gaisawa, da abin da suke jin kunyarsa, da abin da ba sa wasa da shi. Abin da ba mu so a yi mana, kada mu yi wa wasu.

Allah ya sa mu dace, amin.