Goggon Biri a Hannun Masana da 'Yan Silima: Tarken Fim ɗin Gorillas in the Mist

Hausawa kan ce biri ya yi kama da mutum. Wannan kamanni ne ya hana Turawa sakat tun daga 1847, shekarar da aka fara bayyana goggon biri, wato gorila, a rubuce-rubucen kimiyya. Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne, binciken masana ya gyara surar wannan dabba a silima, amma bai taɓa zubin labarin da ake saka ta a ciki ba. Za mu kafa hujja da Gorillas in the Mist, wanda Michael Apted ya shirya a 1988, sai dai tilas mu ɗan waiwaya baya tukuna.

A littafinsa na 1861, Paul du Chaillu, wanda ya yi farauta a dazuzzukan Gabon, ya siffanta goggon biri tamkar dodo mai dukan ƙirji. Wannan sura ce 'yan silima suka gada, suka kumbura ta a King Kong na 1933. Zubin labarin ba boyayye ba ne: Baturiya da biri a tsakiyar fage, mutanen tsibirin kuwa ba su da wani aiki sai kaɗe-kaɗe da sace ta don su miƙa wa dodon.

Masana ne suka rushe wannan sura. George Schaller ya shiga duwatsun Birunga a 1959, ya tarar da dabba mai kunya, mai cin ganye, mai zama cikin iyali. Bayansa Dian Fossey, wadda Louis Leakey ya tura, ta kafa sansanin Karisoke a Ruwanda a 1967, ta wallafa littafinta a 1983, aka kashe ta a ɗakinta a Disamba 1985. Rayuwarta ce fim ɗin ya ɗauko.

Mu fara da ba fim ɗin haƙƙinsa. An ɗauki sassansa da yawa a Ruwanda tare da birai na gaske, kuma Sigourney Weaver, wadda ta fito a matsayin Fossey, ta iya zama shiru tana kwaikwayon cin ganye har dabbar ta matso. A nan silima ta yi abin da rahoton masani ba zai iya ba, domin mai kallo yana ganin haƙurin da aikin ke bukata da idonsa. Haka kuma fim ɗin bai wanke Fossey sarai ba: mun ga ta ƙona bukkokin mafarauta, mun ga ta tsorata wani da igiyar rataya.

To amma mu dubi wurin da ya fi ratsa zuciya, inda biri ya miƙo hannu ya taɓa nata. A littafin Fossey, wani biri mai suna Peanuts ne ya yi haka a 1970. A fim sai aka ba Digit wannan matsayi, wato birin da mafarauta suka kashe a ƙarshen 1977. Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, kuma kowane mai shirya fim yakan haɗe taurari. Mu a ganinmu ba ƙarami ba ne. An yi haka ne don a sami biri guda ɗaya da mace guda ɗaya da za a ƙulla, a kuma raba su da mutuwa. Wannan kuwa shi ne ƙashin bayan King Kong, illa dai an juya shi: da can biri ne ke riƙe da Baturiya, yanzu Baturiya ce ke kare biri. Nazarin Fossey a kan rukunoni yake, da yadda mata ke ƙaura daga wannan rukuni zuwa wancan, amma zubin silima ba ya son rukuni, tauraro yake so.

Inda wannan zubi ya fi yin ɓarna shi ne wajen mutanen ƙasar. Mafaraucin fim fuska ce kawai da mashi. Ba a tsaya an nuna mana cewa Batwa sun rayu da wannan daji tun kafin Beljiyam ta mai da shi gandu a 1925 ba. Yawancin tarkunan da ke raunata birai ma na gada da mazo ne, wato neman abin miya. Daɗin daɗawa, daga ƙarshen shekarun 1960 an sare babban yanki na gandun don noman wani fure da ake haɗa maganin ƙwari da shi, a sayar a ƙasashen waje. Gaskiya ne an nuna Bature mai sayen ɗan biri, kuma hakan na da tushe, don a 1969 an kama Coco da Pucker saboda gidan ajiye namun daji na Kolon a Jamus. Amma gonar fure ba ta da fuskar mugu, shi ya sa ba ta dace da hoton silima ba, alhali ita ta cinye mazaunin birai.

Tarihi ma bai bi fim ɗin ba. Ƙidayar 1981 ta sami birai kimanin 250 a Birunga, zuwa 2018 kuwa jimillar biran dutse ta haura 1,000. Fossey na da rabo a wannan, amma akwai kuma kuɗin yawon buɗe ido, abin da ta ƙi jini, da ɗimbin dogaran gandu 'yan Ruwanda da Kwango da Yuganda, waɗanda da yawansu, musamman a Kwango, suka rasa rayukansu a bakin aiki.

Wakilinsu ɗaya a fim shi ne Sembagare, mai bin sawu, wanda John Omirah Miluwi ya fito a matsayinsa. Shi ya san daji, shi ya kai ta ga birai, shi ne kuma ya tsawata mata lokacin da ta wuce gona da iri. Duk da haka aikin ƙarshe da aka ba shi shi ne ya jera duwatsu, ya haɗa kabarin Fossey da na Digit wuri ɗaya.