Kofi Biyar a Kabad, Amma Babu Mu a Katar

An kammala gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Katar cikin Nuwamban 2025, Fotugal ta doke Ostiriya da ci ɗaya mai ban haushi ta tafi da kofi. Ƙasa 48 ce ta buga, ninkin yadda aka saba, Afirka kaɗai an ba ta gurbi 10. Har Yuganda ta je, karo na farko a tarihinta. Nijeriya kuwa, wadda ta fi kowace ƙasa a duniya cin wannan kofi, tana gida tana kallo. Masu gidajen kallon ƙwallo na nan Sabo ma ba su ɓata man janareto a kan gasar ba, tunda sun san ba mai biyan kuɗin shiga don ya ga yaran wasu.

Rabonmu da gasar tun 2019 a Burazil, inda Holan ta koro mu da ci 3-1. Ta 2023 a Indonesiya, Burkina Faso ce ta tare mana hanya tun a gasar Afirka da aka yi a Aljeriya. Ta Katar kuma ko gasar Afirkar ba mu kai ba, a wasannin shiyya a Gana muka maƙale a na uku, alhali biyu ake ɗauka. To, tun daga nan maganar da ake ji a teburin mai shayi da bakin shagunan canji ɗaya ce: wai ƙwallon Nijeriya ta mutu, ina ma a dawo da zamanin da. Mu dai a wannan shafi muna da ja. Zamanin dan nan da ake kewa, a tsaya a dube shi da kyau tukuna.

Ba mai musun cewa tarihin yana da daɗin faɗa. A 1985 aka fara gasar a ƙasar Sin, lokacin ta 'yan ƙasa da 16 ce, yaranmu suka ci Jamus ta Yamma 2-0 a wasan ƙarshe, Nduka Ugbade ya ɗaga kofi. Janar Buhari ne ya tarbe su, kafin watan ya ƙare Babangida ya hamɓarar da shi. A 1993 a Japan muka ci Gana 2-1. A 2007 a Koriya ta Kudu muka ci Sifen a bugun fenariti, kocin yaran, Yemi Tella, bai daɗe da dawowa ba ya rasu. A 2013 a Abu Dabi, Manu Garba ya kai yara suka lallasa Meziko 3-0, kyaftin Musa Muhammed da kansa ya rufe taro da bugun tazara. A 2015 a Cile muka ci Mali 2-0, ikon Allah kuma Buharin ne dai a kan mulki. Biyar ke nan. Burazil duk da sunanta huɗu gare ta.

Sai dai kofin yara ba don kansa ake yinsa ba. Kamar gonar reno ce, abin da ake dubawa shi ne dashen da ya kama bayan an cire shi. A nan lissafin yake fara ɗaci. Manyan 'yan wasanmu ba su taɓa wuce zagaye na biyu a kofin duniya ba, a 1994 da 1998 da 2014 duk nan suka tsaya. Na 2022 ba mu je ba, na 2026 ma an fitar da mu. Ta yaya ƙasar da ta fi kowa gwanintar yara za ta kasa haɗa manyan da za su kai ko zagayen ƙasashe takwas?

Ɗauki 2007. Macauley Chrisantus ne ya ci takalmin zinare da ƙwallo 7. Wani siririn yaro ɗan Jamus, Toni Kroos, shi aka ba gwarzon gasa, ƙasarsa kuma ta uku ta zo. Chrisantus ya tafi Hamburg, daga nan sai yawo daga wannan ƙaramin kulob zuwa wancan. Kroos ya ci kofin duniya na manya a 2014, ya ci kofin zakarun Turai har sau 6. Ko 2009 da muka karɓi baƙunci, aka buga a Kano da Kaduna da Bauci, aka buga a nan kusa da mu Ijebu-Ode. Neymar da Coutinho sun zo da Burazil, tun a rukuni aka sallame su. Namu Sani Emmanuel shi ne gwarzon gasa. Yau a tambayi yaro ɗan firamare a Sabo wane ne Neymar, sannan a tambaye shi Sani Emmanuel.

Kada a ce mun ce wane ko wane ya rage shekaru. Ba mu ce ba. Rauni yana kashe ɗan wasa, mugun dillali yana kashe shi, sanyin Turai da kaɗaici ma suna yi. Amma idan abu ya yi ta maimaituwa rukuni bayan rukuni, ya wuce tsautsayi. Kuma ba mu muka fara zargin ba. Tun 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa, ta ƙwace mana baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1991, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa da aka kai Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka rubuta musu a gasannin baya. Kowa a ƙasar nan ya san kalmar "shekarun ƙwallo", har raha ake yi da ita. Ƙato mai shekara 22 idan ka sa shi cikin 'yan 16 dole ya zama zaki. Ba basira ba ce, ƙashi ne da tsoka. Bayan shekara biyar yaran sun cika ƙarfi, shi kuma ya fara gangara, takarda tana cewa yana tashe, gwiwa tana cewa a kai kasuwa.

Abin da ya fara rage wannan barna shi ne gwajin ƙashi da FIFA ta kawo a gasar 2009. Na'ura ce take ɗaukar hoton wuyan hannu. Akwai wani ɗan guringuntsi a ƙarshen ƙashin hannu wanda yake buɗe muddin yaro yana girma, idan girma ya tsaya sai ya haɗe. Mataki 6 ne, wanda nasa ya kai na shida, wato ya haɗe gaba ɗaya, an ɗauka ya haura 17. Kafin gasar 2009 yara 15 aka cire daga sansaninmu. A 2016 kuwa, muna riƙe da kofin duniya fa, 26 suka faɗi gwajin ana gab da wasa da Nijar. Aka tattara 'yan ragowa aka buga, Nijar ta fitar da mu. Kamaru ma a 2023 cikin yara 30 da ta kira 21 suka faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga inda muke son masu kewar zamanin da su lura. Rukunan da suka zo bayan an fara gwajin su suka fi yi wa ƙasa amfani. Na 2009 ya ba mu Kenneth Omeruo da Ogenyi Onazi, da su aka ci kofin Afirka a 2013. Na 2013 ya ba mu Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi. Na 2015 ya ba mu Samuel Chukwueze da Victor Osimhen, wanda ya zura ƙwallo 10 a Cile, daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023. A na baya, rukunin 1993 na su Kanu da Babayaro da Oruma ne kaɗai za a ajiye kusa da waɗannan, da su aka ci zinare a Atlanta a 1996. Ashe gaskiya ba ta hana cin kofi. Abin da take hanawa shi ne cin kofi ba tare da an yi aiki ba, kuma aikin ne ba ma yi. Har yanzu sai gasa ta matso ake buɗe sansani, a kira ɗaruruwan yara a tace su cikin 'yan makonni, kowane babba da ɗan takardarsa a aljihu. Ana fafe gora ranar tafiya. Masu cewa tsarin shiyya ne ya cuce mu, tunda an cusa mu da Gana da Kwaddibuwa da Burkina a gurbi biyu, suna da 'yar gaskiya. Amma Burkina ma a shiyyar take, kuma ta je.

To mu a Sabo ina ruwanmu? Ruwanmu har wuya. A koma wasan ƙarshe na 2009 a Abuja, wanda Suwizalan ta ci mu 1-0. Wanda ya ci ƙwallon, Haris Seferovic, iyayensa daga Bosniya suka je. Granit Xhaka, iyayensa daga Kosobo. Ricardo Rodriguez, uba ɗan Sifen, uwa 'yar Cile. 'Ya'yan baƙi ne, 'ya'yan zango kamar namu. Ƙasar ta rubuta haihuwarsu, ta sa su a makaranta, kulob na unguwa ya rene su tun suna ƙanana, ba wanda ya tambaye su garin kakansu. Su ukun nan suka riƙe babbar tawagar ƙasar fiye da shekara goma, da su aka fitar da Faransa a gasar Turai a 2021, Seferovic ya ci biyu a ranar.

Sabo tun 1916 take a nan Badun. Akwai yaran da kakan kakansu a nan aka binne shi. Amma yaron da aka haifa a layinmu, yake jin Yarbanci kamar ruwa, idan ya je inda ake zaɓe sai a ce ai Bahaushe ne, ya tafi jiharsu. Idan ya je Kano ko Katsina sai a ce ɗan Badun ne, wa ya san shi? Filin Adamasingba ga shi nan ƙafa ma ta kai mutum, amma yaranmu nawa ne suka taɓa taka ciyawarsa da rigar wata makaranta? Wanda ba shi da ƙofa ta gaskiya kuwa, shi dillali yake jira.

Kun san su. Mutum ya zo da jaka da hotunansa da Turawa a waya, ya ce yana da akadami, yana da hanya zuwa Turkiyya ko Dubai. Abu na farko da zai ce wa uba shi ne, Alhaji, yaron nan 19 ya yi yawa, sai mun mai da shi 15. A je kotu a yi takardar rantsuwa, a biya ɗan abin da za a biya, a yi sabon fasfo. Uban da ba ya wasa da sahun farko a masallaci, shi ne zai sa hannu a kan rantsuwar ƙarya, wai don taimakon ɗa. Haba jama'a! Kuma yanzu ba da ba ce, lambar katin ɗan ƙasa ta ɗaure komai, layin waya da asusun banki da jarrabawa. Yaro ya wayi gari da ranar haihuwa biyu, wadda ke takardar makaranta daban, ta fasfo daban. Ƙwallon ba ta yiwu ba, ya dawo neman aiki ko gurbin karatu, takardu suna ƙaryata juna. Filin da aka sayar a gida don biyan dillali kuma ya tafi.

Wanda aka fi zalunta ma ba ya cikin ɗakin da ake wannan ciniki. Shi ne yaron maƙwabci mai shekara 15 na gaskiya, wanda zai je gwaji a haɗa shi da ƙato, a ture shi sau biyu, koci ya ce ba shi da ƙarfi. Ya dawo gida ya rataye takalmi ya kama acaba. Irinsu Kroos da Xhaka a wannan shekarun haka suke, sirara, ba ƙirji. A nan da tuni an sallame su.

Akwai kuma matsalar da ta fi kusa da mu. Gwajin ƙashin nan ba wahayi ba ne. Wani yaron jikinsa yana saurin cika, yana 16 ƙashinsa ya haɗe. Wani kuma yana 18 nasa bai haɗe ba, ya wuce sumul. Yaron da na'ura ta yi wa kuskure ba shi da abin kare kansa sai takardar haihuwa da aka yi tun yana jariri. Takardar da aka yi bara ba wanda zai kalle ta. Mu kuwa mun iya suna. Ranar bakwai a yanka rago, a raba goro, maroƙa su cika layi, a ɗinka anko. Amma a je ofishin Hukumar Ƙidaya a rubuta jaririn, wannan sai ranar da makaranta ta tambaya, ko ranar da za a yi fasfon Umra. A nan sai ka ji ana lissafi, wai an haife shi shekarar da aka yi gobarar kasuwa, ko azumin da aka yi cikin sanyi. Limamanmu da suke raɗa suna su suka fi kowa damar gyara wannan. Kalma ɗaya ce bayan addu'a: an yi masa takarda?

Sai masu shirya gasar yara ta hutun makaranta a unguwa. Allah ya saka musu, daga aljihunsu suke sayen kofi da ƙwallo. Amma su ma suna rubuta "'yan ƙasa da 15" a allo, sannan mu ga mai gemu yana tsaron baya, kowa ya yi dariya a ci gaba, don kowane layi yana da nasa ƙaton. Idan a filin ƙasa na bayan makaranta, inda kowa ya san ranar sunan kowa, ba za a iya hana wannan ba, da wane baki za mu zagi hukumar ƙwallo ta Abuja? A gasa mai zuwa a nemi takardar haihuwa ko ta makaranta kafin a ba yaro riga. Layin da ya ce ba shi da yara sha ɗaya masu takarda, a bar shi ya buga da tara.

Gasar ta koma shekara-shekara yanzu, kuma a Katar za a ci gaba da yin ta har 2029. Yaran da za su cancanci ta 2029 waɗanda aka haifa daga 2012 ne zuwa sama. Suna nan cikinmu, su ne suke buga ƙwallon roba a bakin kwata bayan an tashi daga Islamiyya.