Aska Takwas a Hannun Samari: Sharhi a Kan Sabon Ɗinkin Hannu

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an ga samari da 'yan mata da dama, a Kano da Zariya da Kaduna da Abuja, sun rungumi allura da zare. Wasunsu sun fito daga sassan koyar da zane-zane na jami'o'i da kwalejoji, wasu kuwa a gida suka fara don ɗebe kewa, tare da saƙar kwarashi da ɗinkin jaka da hula, har abin ya zame musu sana'a. Suna kiran kansu da sunan aro, watau "dizaina", kuma abu biyu suke tallata kayansu da su: cewa aikin hannu ne, kuma zanen na gargajiya ne. Zanen da suka fi ɗauka shi ne na babbar riga, musamman aska takwas da dagi, suna ɗora shi a kan kaftani da doguwar rigar mata da jaka da labule.

Masu magana a kan wannan aiki sun kasu kashi biyu. Kashi na farko suna yabonsa don kawai da hannu aka yi shi. Kashi na biyu suna kushe shi don kawai ba haka kakanni suka yi ba. Duk biyun ba su yi sharhi ba, domin ba wanda ya kawo ma'auni. Manufar wannan maƙala ita ce a auna sabon ɗinkin da ma'aunin da ke cikin ita rigar da aka aro zanen daga gare ta, ta hanyar amfani da matakan da manazarta waƙa suka saba da su, watau zubi da tsari, da salo, sannan a duba matsayin suna a cikin wannan fasaha.

2.0 Rigar da Aka Gada

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, tufafin Kano kuma suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Babbar riga ta wancan zamani ba daga yadi guda ake yanko ta ba. Siraran ƙwaryoyin saƙa ne ake jerawa a tsaye a haɗa su da allura. Irin saƙar ita ke ba riga suna: akwai saƙi mai zanen zabo, da barage mai ratsin alharini ja wanda ake kawowa ta hamada, da tsamiya wadda ake samun zarenta daga gidan wata tsutsa da ke cin ganyen itacen tsamiya, da kore wadda ta sha baba ta kuma sha bugu har tana walƙiya.

Colleen Kriger, a binciken da ta buga a 1988 a kan rigunan Daular Sakkwato, ta nuna cewa riga ɗaya kan ratsa hannuwa da garuruwa masu yawa, har da ƙasar Nufe da Ilori, kafin ta isa jikin mai ita. Mata ke kaɗi, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, maɗinki ya haɗa, mai zane ya zana da alƙalami da tawada, sannan mai aiki ya bi zanen da allura. Da yawa daga masu zane da masu aikin malamai ne da almajirai, shi ya sa ake ganin dangantaka tsakanin zanen riga da zayyanar allo. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya baje-kolin The Arts of the Hausa a Landan a 1976, ya kuma kammala digirinsa na uku a kan adon ɗinkin tufafin Hausawa a 1979, shi ne ya fi kowa tattara waɗannan zane-zane da sunayensu.

3.0 Zubi da Tsari

Duk wanda ya shimfiɗa rigar aska takwas a ƙasa zai ga aikin ya karkata gefe guda. Nauyinsa duka yana kan ƙirjin hagu, inda babban aljihu yake. Daga nan asake suke zubowa ƙasa da tsininsu, gidan biyar da dagi suna cike tsakani, aikin kuma ya kewaye wuya ya haura kafaɗa ya faɗa baya. A ƙirjin dama kuwa sai zagayen tambari shi kaɗai, da ɗan'uwansa a gadon baya. Sauran rigar, wadda faɗinta kan kai miƙewar hannuwa biyu ko ya zarce, a sake take ba komai a kanta.

Wannan karkata tana da dalilai. Na farko, wuya da bakin aljihu su ne wuraren da riga ta fi shan ja, don haka nan ne ake buƙatar ɗinki mai kauri. Ado ya zauna a inda ƙarfi ya wajaba. Na biyu, aljihu yana hagu ne domin hannun dama ke shiga cikinsa. Na uku, ba a yi rigar don a gan ta a shimfiɗe ba. Mai ita kan naɗe gefunanta ya aza a kafaɗa, sai faɗin nan ya tattare ya zama ninki a dama da hagu, aikin ƙirji ya rage a tsakiya a fili, shafin da aka yi wa bakin riga da alharini kuma ya bayyana. Ashe filin da aka bari ba aiki, da ninkin kafaɗa, da shafi, duk suna cikin lissafin mai zane tun kafin ya tsoma alƙalami a tawada.

A nan ne mafi yawan sabon ɗinki yake tuntuɓe. Matashin mai zane yakan ɗauki aska takwas a matsayin hoto, ya cire ta daga aljihu, ya daidaita ta a tsakiyar ƙirjin kaftani, dama da hagu kamar an raba goro. Wani ya maimaita ta a hannu da gindin riga da baya har ba sauran wurin da ido zai huta. Wani ya ƙanƙanta ta ya manna a jikin jaka, inda babu wuyan da za ta kewaye, babu kafaɗar da za ta haura. Sassan zanen duk suna nan, amma dangantakar da ke tsakaninsu da jikin mutum ta tafi. Misalinsa kamar ɗalibin da ya haddace kalmomin wani harshe bai koyi ginin jimlarsa ba: kowace kalma daidai take, amma magana ba ta tashi ba.

Ya kamata a yi adalci a ce akwai waɗanda suka gane wannan. Ana samun doguwar rigar mata wadda aka karkatar da aikinta gefe guda, aka bar sauran yadin ya zuba, aka kuma yi la'akari da inda mayafi zai rufe da inda zai bari. Irin wannan riga, ko da babu aska ko ɗaya a jikinta, ta fi kusa da babbar riga a kan kaftanin da aka cika da asake.

4.0 Salon Allura

Aikin hannu na ainihi ƙananan idanu ne da sarƙa da cike, dubbai a jere, wanda kan ci watanni a riga guda. Da yake hannu ba ya maimaita kansa daidai-wa-daida, kowane ɗinki yakan kwanta da 'yar karkata tasa, sai haske ya riƙa wasa a kan aikin idan mai riga ya motsa. Shi ya sa masu aikin dā suka iya sa farin zare a kan farar riga, ko tsamiya a kan tsamiya, aikin kuma ya fito sarai ba tare da taimakon launi ba. Aikin keke, balle na kwamfuta, shafe yake kamar daɓe. Dole ya nemi launi ko zare mai ƙyalli kafin a gan shi.

Sai dai wannan ba hujja ba ce ta a ce duk abin da hannu ya yi ya fi na inji. Akwai aikin hannu na gaggawa, mai manyan idanu da sakakken zare, wanda wanki biyu ke tona asirinsa. Har ila yau, canjin yadi ya canza aikin allura. Tun da yadin masaƙun zamani ya mamaye kasuwa, irin na masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta kuma rufe a 2002, da shaddar waje irin ta Getzner daga Ostiriya, sai ƙwaryoyin saƙa suka ja baya. Layukan haɗin ƙwarya a dā su ne ke yi wa mai zane jagora wajen auna tsawon aska da faɗinta, kaurin saƙar kuma yana ɗaukar nauyin aiki. Shadda sumul take, ba ta da waɗannan layuka, yadin mata marar nauyi kuma yakan tattare idan aka ɗora masa aiki mai kauri. Matashin da ya ɗauki nauyin aikin saƙi ya aza wa siririn yadi bai saurari yadinsa ba, komai yawan kwanakin da ya yi yana ɗinki. Abin tambaya a nan shi ne ko allura ta dace da yadi, kuma wannan tambaya tana kan mai hannu kamar yadda take kan mai keke.

5.0 Fagen Ƙirƙira

Masu cewa kada a taɓa komai sun manta cewa ɗinkin Hausa bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Aska biyu da aska takwas sun daɗe ba su canza sosai ba, domin riguna ne na sarauta da malanta, waɗanda sarki kan ba da kyauta ko ya tufatar da wanda ya naɗa. Amma a gefensu an sami malum-malum da 'yar Dikwa da sauransu, kowace da nata yayi. Wandon buje kuwa, wanda mahaya ke sawa, fage ne da mai zane ke sakewa a cikinsa, ya zuba launuka iri-iri da siffofin da ba zai kai su ƙirjin riga ba. Haka nan hula: daga haɓar kada zuwa ƙube da damanga da zanna, sabon zane ba ya yankewa. Su kansu masu aikin sun canza. Binciken Elisha Renne a Birnin Zariya ya nuna yadda matan aure suka shiga aikin hannu na riguna a ƙarshen ƙarni na 20, aikin da a dā maza aka sani da shi.

Darasin da ke cikin wannan shi ne cewa magabata sun san tufar da ke ɗaukar wasa da wadda ba ta ɗauka. Abin mamaki, matasan yau sun taru a kan zanen da ya fi kowane tsauri, sun bar buje da hula, inda gadon ƙirƙira yake a buɗe. Mai son ƙawata jaka ko labule ko rigar 'yan mata zai fi samun abin koyi a ƙafar buje a kan ƙirjin aska takwas.

6.0 Suna

Batun suna ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye, ta fuska biyu. Ta farko ita ce sunan zane. Aska, tambari, gidan biyar, dagi, linzami, cuna, shafi, kalmasa: kowace kalma a nan tana ɗauke da wani sani. Wanda ya san ana ce wa wannan zagaye tambari ya san yana da alaƙa da sarauta, wanda kuma ya san gidan biyar zai fahimci abin da ya sa manazarta ke danganta shi da hatimin malamai. A tallan sabon ɗinki kuwa, duk waɗannan sun narke cikin kalma guda, "dizayin". Idan sunaye suka ɓace, sharhi ma ya ɓace, domin ba a iya gyara abin da ba a iya ambata. Kuma matasan ba su cika raɗa wa sabon zanensu suna na Hausa ba, alhali raɗin suna shi ne hanyar da zane ke shiga baki ya daɗe.

Fuska ta biyu ita ce sunan mai aiki. A tsohon tsari ba a rubuta sunan kowa a jikin riga. Da mai zane da mai allura duk a ɓoye suke, sai dai 'yan kasuwa da masu sayen riga sun san unguwa da gidan da aiki mai kyau ke fitowa. Sabon tsari ya zo da ɗan ƙyalle mai ɗauke da sunan "dizaina" a bayan wuya. Wannan ci gaba ne idan shi ne ya zana, ya kuma ɗinka. Amma sau da yawa zanen na gado ne, allurar kuma ta wata mata ce a cikin gida ko wani almajiri a zaure, waɗanda aka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Nan karin maganar nan ta Hausawa ta faɗo daidai, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rigar da ake sayarwa da tsada da sunan aikin hannu, ya kamata a san hannun wane ne.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa ƙimar babbar riga ba a cikin siffar aska ko dagi kaɗai take ba. Tana cikin yadda aka zaunar da zane a kan jiki, da yadda allura ta bi halin yadi, da sanin inda ake sakewa da inda ake kamewa. Da wannan ma'auni, sabon ɗinkin samari yana da himma da kasuwa, amma mafi yawansa ya ɗauki hoton riga ya bar tsarinta. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, gadon da ake nufi a nan kuwa shi ne lissafin mai zane, wanda har yanzu akwai dattawan da ke riƙe da shi a Zariya da Kano da Bida. Aikin da ke gaban sassan Hausa da na zane-zane a jami'o'i shi ne su tura ɗalibai wurin waɗannan dattawa, a rubuta sunayen zane da na ɗinki da ƙa'idojinsu da Hausa, domin matashin da ya ɗauki allura ya sami abin da zai auna aikinsa da shi, mai sharhi kuma ya sami kalmomin da zai yi magana da su.