Ko Lissafi Zai Kai Mutum Ga Allah?

Wanda ya san birnin Duwala ya san rumfunan PMUC, inda tun shekarun 1990 mutane suke zuba kuɗi a kan dawakin da suke tsere a Faransa. Idan dawakai 18 ne, aka ce ka faɗi na ɗaya da na biyu da na uku bi da bi, to jerin da zai iya fitowa 4,896 ne, ɗaya tak ne naka. Irin wannan ƙidaya ita ake kira lissafin yiwuwa. Waɗansu masana sun ce da ita za a nuna cewa ba da gaskiya ga Allah shi ne hankali. Bari mu auna hujjojin biyu daga cikinsu, mu ga iyakar inda za su kai mu.

Na fari shi ne Blaise Pascal, mutumin Faransa, wanda shi da Fermat suka kafa tushen wannan lissafi a 1654 domin warware wata matsalar 'yan caca. A littafinsa Pensées, wanda aka buga a 1670 bayan rasuwarsa, ya nuna cewa idan ka ba da gaskiya, aka tarar akwai Allah, ribarka ba ta da iyaka. Idan kuwa babu, hasararka kaɗan ce. Saboda haka mai wayo zai zaɓi bangaskiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga shi kawo magana mai kama da wannan game da lahira.

Hujjar tana da amfani, gama tana tashin mai sakaci daga barci. Amma ka kai ta kasuwar Mboppi ka gwada. Ga Bahaushe Musulmi daga New Bell, ga Bamileke ɗan Katolika, rumfa kusa da rumfa. Dukansu sun yarda akwai Allah, kowannensu kuma zai iya yi wa ɗan'uwansa lissafin Pascal daidai wa daida. Tun a ƙarni na 18 Diderot ya lura cewa liman ma zai iya kafa wannan hujja. Ashe lissafin ya ce ka zaɓa, amma bai faɗi hanyar da za ka bi ba. Ban da haka, wanda ya zo wurin Allah domin gudun hasara kawai, riba yake ƙauna, ba Mai bayarwa ba.

Na biyu shi ne Richard Swinburne na Ingila. A littafinsa The Existence of God na 1979 ya yi aiki da ƙa'idar Thomas Bayes, wani fasto wanda aka buga bincikensa a 1763. Ƙa'idar ta ce ka fara da wani zato, sa'an nan kowace sabuwar shaida ta ɗaga shi ko ta rage shi. Swinburne ya tara shaidu: kasancewar duniya, tsarinta, hankalin ɗan Adam, da shaidar waɗanda suka ce sun sadu da Allah. Ya kammala da cewa kasancewar Allah ta fi rashinsa yiwuwa. Aiki ne na natsuwa, bai kuma ɓoye matsalar wahala da mugunta ba.

Duk da haka akwai rauni a gindin. Daga ina zaton farko ya fito? Mun san ƙwayar ludo tana ba da shida sau ɗaya cikin shida, domin fuskokinta shida ne, muna kuma iya jefa ta sau dubu. Duniya kuwa ɗaya ce, ba mu da waɗansu da za mu gwada ta da su. Mai bi zai fara da babban adadi, mai musu da ƙarami, kowa ya tarar a ƙarshe da abin da ya zuba tun farko. 'Yan kasuwar Mboppi sun san wannan. Tun 1948 ba a taɓa darajar sefa a gaban kuɗin Faransa ba, sai ga shi a Janairun 1994 an rage ta da rabi. Wanda ya ɗauki kaya bashi daga waje, lissafinsa daidai ne, ginshiƙin da ya ɗora shi a kai ne ya gusa.

To, ya mai karatu, kada mu yar da waɗannan hujjoji, kada kuma mu ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. Suna rufe bakin mai cewa bangaskiya wauta ce. Amma bangaskiya ta fi kama da amanar da ke tsakanin ɗan fatauci da maigidansa na masauki, wanda yake bar wa kaya da kuɗi domin ya san shi, ba domin ya ƙidaya yiwuwar cin amana ba. Wasiƙar Yakubu 2:19 ta tuna mana cewa aljanu ma sun tabbata Allah ɗaya ne, tabbacin bai amfane su ba.

Pascal kansa ya gane haka. Bayan rasuwarsa a 1662 an sami wata takarda ɗinke cikin rigarsa, wadda ya rubuta a daren 23 ga Nuwamba 1654. A ciki ya shaida cewa wanda ya sadu da shi Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, ba na masu falsafa ba. Mutumin da ya koya wa duniya lissafin caca, ba da lissafi ya sami hutawa ba.