3.4 Matsayin Talaka a Zane-zanen Honoré Daumier

A wannan sashe za a duba yadda Honoré Daumier (1808-1879) ya fito da rayuwar mutanen birnin Faris na ƙasar Faransa a zane-zanensa, da kuma inda adalcinsa ya tsaya. Daumier ya yi zane kimanin 4,000 irin wanda ake yi a kan dutse sannan a buga a takarda, akasarinsu a jaridun barkwanci na La Caricature da Le Charivari. A shekarar 1832 an ɗaure shi wata 6 saboda ya zana Sarki Louis-Philippe yana lanƙwame dukiyar talakawa. Da gwamnati ta kafa dokar tace zanen siyasa a 1835, sai ya karkata ga mutanen da yake gani kullum a titi da kotu da jirgin ƙasa.

Abin lura a nan shi ne Daumier ba ya zaunar da mutum a gabansa ya zana shi. Yakan kalli jama'a ne, ya koma gida ya zana abin da ya riƙe a ka. Wannan ya sa ba kamannin mutum guda yake fito da su ba, sai dai halin da aji guda yake ciki. Misali, a zanensa na tarago mai daraja ta uku, wanda ya yi tsakanin 1862 da 1864, an ga tsohuwa riƙe da kwando, ga mai jego da jaririnta a gefe, ga kuma yaro yana barci. Babu mai kuka ko roƙo a cikinsu. Gajiyarsu tana bayyana ne a kafaɗu da hannuwa, ba tare da an zubar musu da mutunci ba. Lauyoyi kuwa, a jerin zanen da ya yi musu daga 1845 zuwa 1848, ya nuna su cike da girman kai da kwaɗayi.

Sai dai wannan tausayi bai game kowa ba. A 1844 ya fitar da zane 40 yana yi wa mata marubuta ba'a, inda ya nuna su a matsayin waɗanda suka yi watsi da miji da 'ya'ya saboda alƙalami. Ke nan, mace tana da daraja a idonsa idan tana wanki ko raino, amma da ta nemi ilimi sai ta zama abin dariya.

Bisa wannan, ra'ayin wannan bincike shi ne bai kamata a ɗauki zane-zanen Daumier a matsayin madubin birnin Faris ba. Shaida ce ta mutum mai kaifin ido, wanda ya ga zaluncin mai mulki a kan talaka, amma bai ga na al'adar zamaninsa a kan mata ba.