Kalmar "Mainistir" da Iyakar Ƙamus

A cikin ƙamus ɗinsa na Ingilishi zuwa harshen Ayalan, wanda aka buga a 1959, Tomás de Bhaldraithe ya ba da kalmar "mainistir" da ma'anar gidan ruhubanawa, watau Kiristocin da suka rabu da duniya suka keɓe domin ibada. Fassarar daidai take ga maganar yau. Amma fa wanda ya ɗauke ta ya shiga tarihi da ita, lalle za ta ɓad da shi.

Kalmar aro ce daga Latin "monasterium", ita kuwa daga Girkanci, inda "monos" ke nufin kaɗai. Saboda haka ɗalibi zai zaci da wannan suna aka kira gidajen farko. Sunayen garuruwa kuwa sun ƙaryata wannan zato. Gidan da ake danganta wa Brigid ana ce da shi Cill Dara, "cill" daga Latin "cella", ɗan ɗaki, ma'anar duka kuwa majami'ar itacen "dair". Wasu an kira su "díseart", daga "desertum", watau daji inda babu kowa. Cluain Mhic Nóis, wanda Ciarán ya kafa a ƙarni na 6, sunan makiyaya kawai ya ɗauka. Mainistir Bhuithe, gidan Buite wanda ya rasu wajen 521, shi ne ya fita dabam.

Yaɗuwar kalmar cikin sunaye ta biyo zuwan ƙungiyoyin ruhubanawa daga Turai. A 1142 aka kafa Mellifont da mutanen da suka zo daga Clairvaux ta Faransa, har ana kiransa An Mhainistir Mhór, babban gida. Waɗannan sun zo da ƙa'ida guda da tsarin gini guda, ba irin tarin 'yan ɗakuna cikin ganuwa na mutanen dā ba.

Ashe aibin ba na de Bhaldraithe ba ne, gama aikinsa na masu rubutun zamani ne. Aibin yana wurin malamin da ya mai da ƙamus mai harshe biyu littafin tarihi. Ƙamus yakan ba da kalma ɗaya a madadin ɗaya, ba ya faɗin lokacin da ta shigo, ko waɗanda ta ture. Wajibi ne malamai su koya wa ɗalibai tambayar shekarun kalma kafin su kafa hujja da ita.